Kafin a ce nano ya fi babban kiristal, a nuna mana inda ƙarfen ya shiga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatanka. Na daɗe ina bin shafin kimiyya na wannan jarida, kuma ina cikin masu yi muku fatan kar ku gaji, don ba kowa ke da haƙurin zama ya warware wa jama'a irin waɗannan abubuwa da Hausa ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne rubutun da kuka fitar kwanakin baya kan ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira nano, inda marubucin ya ce wai in aka sirka ƙarfe kaɗan cikin samikondokta mai girman nano to ya fi babban kiristal a komai, a haske, a maganaɗisu, a saurin aiki, duka dai. Ni wannan ne aikina, shekaru na yi ina haɗa waɗannan ƙwayoyi a lab ina kuma koya wa ɗalibai yadda ake yi, kuma wallahi ina son fannin nan har cikin raina, shi ya sa ma kalmar "a komai" ɗin nan ta tsaya min. Ba haka abin yake ba, kuma tarihin fannin da kansa ya sha nuna mana hakan.

Bari in fara daga tushe saboda mai karatun da bai saba ba. Samikondokta abu ne da ke tsakanin waya mai wuce da lantarki da kuma roba mai tare shi. A cikinsa akwai wani giɓi na makamashi da dole ilektiron ya tsallake kafin ya motsa, na silikon 1.12 ne a ma'aunin makamashi da ake kira eV, na ZnO (haɗin zinki da oksijin) kusan 3.37, na ZnS (haɗin zinki da salfa) kusan 3.6. Sirki kuma shi ne ka cire wasu 'yan ƙwayoyin zarra, wato atam, na ainihin abin ka sa baƙi a gurbinsu. Wayar da ke hannunka yanzu haka da wannan dabarar take aiki, silikon ne aka sirka masa boron a wani gefe fosforas a wani gefe. Kuma abin da ya kamata a sani, sirki da ƙarfe ba sabon abu ba ne da nano ya kawo. Tun 1866 wani Bafaranshe Théodore Sidot ya ga ZnS yana ci gaba da haske a duhu bayan an haska shi, daga baya aka gane ɗan jan ƙarfen da ke ciki ne ke ba da koren hasken nan. Sa azurfa ka samu shuɗi, irin wanda tsofaffin talabijin masu ƙeya suka yi amfani da shi. Sa manganis ka samu ruwan lemo. Duk wannan an san shi a manyan kiristal da garin kiristal shekaru da dama kafin kowa ya ji kalmar nano. To ka ga duk wanda zai ce min nano ya fi, akwai ma'auni a ajiye yana jiransa, sai dai in bai ga dama ya ɗauko ba.

Yadda ake yin su biyun ma kaɗai ya isa ya nuna maka ba abu ɗaya ake kwatantawa ba. Babban kiristal aikin haƙuri ne. Hanyar da Jan Czochralski ɗan ƙasar Polan ya gano a 1916 ita ce har yau ake yin silikon da ita, a narkar da shi a digiri 1414, a tsoma ɗan ƙaramin iri a ciki, a riƙa juyawa ana ja sama a hankali a hankali har a fito da sanda mai faɗin milimita 300 wadda duk atam ɗinta a layi ɗaya suke. Ko a nan ma sirkin baya shiga daidai wa daida, fosforas ya fi son zama cikin narkakken fiye da shiga daskararren, kusan kashi ɗaya cikin uku na yawan da ke ruwan ne ke shiga, shi ya sa gindin sandar ya fi kanta yawan fosforas, kuma masu masana'anta sun san wannan lissafin sarai suna aiki da shi. Shi kuma ZnS taurin kai gare shi, in ka zafafa shi a fili sai ya tashi ya zama tururi kafin ya narke, don haka ake rufe garinsa da ɗan aidin cikin bututun kwaz a cire iska, a sa a tanderu wanda gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya zafi, wajen digiri 800 zuwa 900, aidin ɗin ya riƙa kwasar kayan daga gefen zafi yana saukewa a ɗaya gefen, kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, ka samu ɗan kiristal da bai wuce 'yan milimita ba. A wannan zafin da wannan tsawon lokacin kowane atam yana da damar yawo ya nemi inda ya fi masa daɗin zama.

Nano kuwa, kai, cikin minti kaɗan an gama. Ka narka zinki asitet da manganis asitet a ruwa, ka zuba wani abu da zai lulluɓe ƙwayoyin ya hana su girma da mannewa, irin su PVP, ka riƙa ɗiga sodiyam salfaid kana motsawa, nan take ruwan ya yi fari fat, ka sa a injin juyi ya kwanta, ka wanke ka busar, shikenan. Akwai hanyar da ta fi wannan kyau, wadda Moungi Bawendi da abokan aikinsa suka fitar a MIT a 1993, ta tsirta sinadaran da allura cikin ruwa mai zafin gaske lokaci guda don duk ƙwayoyin su fara girma tare, kuma tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 2023 tare da Louis Brus da Aleksey Yekimov. Amma ko wacce ka bi, ƙwayar tana haɗuwa ne cikin gaggawa, a zafin da bai isa atam ya yi yawo cikin kiristal ba. Baƙon ƙarfen da ka zuba, in bai manne a jikin ƙwayar lokacin da take girma aka binne shi ba, to ya rasa motar.

Nan ne nake so Malam Edita ka ɗan yi haƙuri da ni mu yi lissafi, don duk rigimar a nan take. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙwayar ZnS mai faɗin nanomita 3 atam ɗin da ke cikinta gaba ɗaya wajen 700 ne, zinki kusan 350 salfa kusan 350. In ka ce ka yi sirkin kashi 1 cikin 100, manganis uku ko huɗu ke nan a kowace ƙwaya, a matsakaici. In ka sauko zuwa kashi 0.3 cikin 100, ɗaya ke nan a matsakaici, amma ai ba rabon gado ake yi ba da za a ba kowa nasa, sa'a ce, kuma lissafin sa'a ya nuna kusan 37 cikin kowace ƙwaya 100 ba za su samu ko ɗaya ba, wasu 37 su samu ɗaya, sauran 26 su samu biyu ko fiye. Ma'ana kwalbar da ka rubuta wa "mai sirki" fiye da kashi ɗaya cikin uku nata ba sirki a ciki sam. A babban kiristal ba ka da wannan damuwar, silikon na yau da kullum baƙo ɗaya ne cikin atam miliyoyi amma tunda kiristal ɗin ɗaya ne a haɗe, ko'ina yana jin tasirin. Ta ɗaya gefen kuma, atam ɗaya tak a cikin ƙwayar nanomita 3 in ka mayar da shi ma'aunin masu silikon, ya kai wajen 7 da sifili 19 a bayansa a kowane santimita kubik, wanda a wurinsu sirki ne mai nauyin gaske. Babu tsaka-tsaki, ko babu ko ya yi yawa.

Sai maganar fata. A ƙwayar nan ta nanomita 3 kusan rabin atam ɗin a waje suke, a jikin fatar, suna da hannayen da ba su kama komai ba. A kiristal mai santimita ɗaya kuwa na waje ɗaya ne cikin miliyoyi. To in manganis ya faɗo, rabi da rabi ne ya samu kansa a ciki ko a fata, kuma wanda ke fata ba sirki ba ne, ɗan haya ne, wanka ɗaya mai kyau zai tafi da shi.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin lokacin ina ɗalibi, kuma ban manta da shi ba. Na zuba manganis kashi 5 cikin 100 a kwalba, na rubuta 5 a jikin takarda, na zana jadawalina duka da wannan lambar, na yi watanni ina gina bayani a kanta. Ranar da aka narkar da garin a asid aka auna da ICP, na'urar da ke gano yawan kowane ƙarfe a cikin ruwa, abin da ya shiga bai kai ko kusa da abin da na zuba ba, yawancinsa ya bi ruwan wanki. Dalilin kuma a fili yake in da na tsaya na yi tunani, MnS, wato haɗin manganis da salfa, ya fi ZnS saurin narkewa a ruwa nesa ba kusa ba, don haka da salfaid ya shigo zinki ke rigan kamawa ya kwanta, manganis ya tsaya a ruwa yana kallo. Na yi baƙin ciki ƙwarai a lokacin, sai da na sake aikin daga farko. Tun daga ranar duk ɗalibin da ya kawo min takarda tambayata ta farko ita ce, wannan lambar abin da ka zuba ne ko abin da ka auna?

Yanzu ga labarin da nake so marubucinku ya ji, don shi ne ainihin amsar "ya fi a komai". A 1994 Rameshwar Bhargava da abokansa a dakin binciken kamfanin Philips da ke Amurka suka wallafa sakamako kan ZnS mai manganis a girman nano wanda ya girgiza fannin. A babban kiristal, in ka haska shi ka kashe fitila, hasken ruwan lemon nan na manganis yana ɗaukar kusan milisakan 1.8 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) kafin ya dushe, wanda a duniyar atam jinkiri ne mai yawa, dalili kuwa sai ilektiron ya juya alƙiblar jujjuyawarsa kafin ya sauko kuma ƙa'idar abin ba ta cika yarda da hakan ba. Su kuma suka ce a nano sun auna nanosakan 3.7 da 20.5 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), wato ya yi sauri sau 100,000, ga kuma haske mai ƙarfi. Suka ce matsewar da aka yi wa ilektiron cikin ƙaramin wuri ce ta cakuɗa matakan manganis da na ZnS har ƙa'idar ta sassauta. Jama'a suka yi ca, takardu suka riƙa fitowa suna maimaitawa, ana ta maganar sabon nau'in kayan haske.

Shekara huɗu bayan nan, a 1998, Ageeth Bol da Andries Meijerink na Jami'ar Utrecht a Holan suka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Suka haɗa ƙwayoyin, masu manganis da marasa manganis, suka auna launin hasken a lokuta daban daban bayan kashe fitila, ba wai nan take kawai ba. Sai ga shi hasken ruwan lemon yana nan da jinkirinsa, kusan milisakan 1.9, kaman na babban kiristal. To ina mai saurin ya fito? Wani shuɗin haske ne mai tsawon zango wajen nanomita 420 (da tsawon zango ake bambanta launukan haske) da ke fitowa daga lahanin jikin ZnS ɗin kansa, mai faɗi ne sosai har jelarsa ta miƙo cikin yankin ruwan lemo, duk wanda ya kafa na'urarsa a nan ya auna 'yan nanosakan na farko to jelar shuɗin yake aunawa yana zaton manganis ne. Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin kowa, aikin 1994 shi ya buɗe ƙofar da dubban mutane suka shiga kuma ƙwayoyin da gaske suna haske. Amma babban iƙirarin ya faɗi, kuma abin da ya kayar da shi ba wata na'ura ce ta musamman ba, kwatance ne na gaskiya, mai sirki da mara sirki, ƙarami da babba, a ma'auni ɗaya. Abin takaici har yau ina ganin rubuce-rubucen ɗalibai suna kawo maganar sau 100,000 ɗin nan kaman ba a taɓa gyara ta ba.

Kuma in ka duba da kyau abin yana da ma'ana. Hasken manganis daga cikin atam ɗin kansa yake fitowa, tsakanin matakansa na ciki, shi dai maƙwabtansa huɗu na salfa ya sani, bai damu ba ko gidan ɗaki ɗaya ne ko unguwa guda. Shi ya sa launin ke tsayawa wajen nanomita 585 ko ka ƙara girman ƙwayar ko ka rage, ɗan motsin da yake yi kaɗan ne. Abin da ke canzawa da girma shi ne giɓin uwar gidan, wato hasken da ZnS ke sha kafin ya miƙa wa manganis. Wannan ne Yekimov ya gani a gilashi a 1981 a Leningrad, Brus ya gani a ruwa a 1983 a Bell Labs, kuma shi gaskiya ne ba jayayya. Babban CdSe, wato haɗin kadmiyam da seleniyam, giɓinsa 1.74 ne, baƙi-baƙi yake, amma ka yi shi nanomita 6 ya ba ka ja, ka yi shi wajen 3 ya ba ka kore. Sai dai shi ma yana da iyaka, sai ƙwayar ta kusa girman da ilektiron da gurbin da ya bari ke buƙata su zagaya juna, wanda a ZnS wajen nanomita 2.5 ne, a ZnO ma wajen 2. Don haka garin ZnO mai nanomita 30 ko 40, wanda shi ne yawancin ɗalibai ke samu, sunansa nano amma giɓinsa na babban kiristal ne. In ka ga ya ɗan motsa bayan sirki, nemi dalili a wani wuri. Sau da yawa ma baƙon ƙarfen ne ya hana ƙwayar girma ko ya jawo lahani, ka ga abu biyu ka canza a lokaci guda, girma da sirki, sannan ka ɗora wa ɗaya alhakin duka.

Wani abin mamakin da kwatance da babba ne kaɗai ya tono shi, shi ne na CdSe. A babban kiristal CdSe yana karɓar manganis har kusan rabi da rabi ba gardama. Amma shekaru mutane suna ƙoƙarin sa shi a nano yana ƙi, alhali ZnSe (zinki da seleniyam) da CdS (kadmiyam da salfa) suna karɓa. Aka riƙa cewa ai ƙananan ƙwayoyi tsarkake kansu suke yi, suna turo baƙo waje. A 2005 Steven Erwin da David Norris da Alexander Efros da abokansu suka kawo wani bayani, cewa maganar ta fuskar kiristal ce, akwai fuskar da manganis ke kamawa da ƙarfi ya daɗe har a binne shi, kuma tsarin kiristal mai siffar kubik ne ke da ita, shi kuwa CdSe da aka saba yi mai kusurwa shida ne. Da suka tilasta masa ya girma a ɗaya tsarin sai manganis ya shiga. Ka ga a nan babban kiristal ne ya fi nano sauƙin sirki, akasin abin da aka rubuta a jaridarku.

To ta yaya ake sanin ya shiga? Ba da hoton eksire na tsarin kiristal, wanda ake kira XRD, kaɗai ba, wannan ina so a ji shi da kyau. Kullum sai ka ga an rubuta "ba mu ga wani sabon layi a XRD ba, saboda haka ƙarfen ya shiga gurbin zinki". A'a. Na'urar nan sau da yawa ba ta ganin baƙon abu in bai kai kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, a nano kuma layukan faɗi suke yi su rufe na kusa da su, ga shi girman kobal da zinki kusan ɗaya ne, 0.58 da 0.60 a ma'aunin angistiram (kashi ɗaya cikin goma na nanomita), don haka ko ya shiga layin da ƙyar zai gusa. Hatta lissafin Scherrer na 1918 da kowa ke fitar da girman ƙwaya da shi daga faɗin layukan XRD, sai ka cire faɗin da na'urar kanta ke ƙarawa, kuma da me ake gane wannan? Da garin babban kiristal mai kyau, irin silikon. Ko awon nano ma sai da babba. Shaidar da ta fi ƙarfi ga manganis ita ce EPR, na'urar da ke auna jujjuyawar ilektiron a cikin maganaɗisu, tana ba da layi shida, in yana ciki tsakanin salfa huɗu tazarar layukan wajen gaus 69 ce (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) kaman ta babban kiristal, in a fata yake sai ta buɗe zuwa 90 ko sama. Ka wanke ƙwayoyin da abin da zai kankare fatar, ka sake aunawa, abin da ya rage shi ne naka. Kobal a ZnO kuma yana da tambarinsa, shan haske guda uku a jere wajen nanomita 565 da 610 da 655, kuma wannan haɗin tsohon abu ne, shi ne koren fentin da Sven Rinman ɗan Suwidin ya yi tun 1780.

Maganar maganaɗisu da marubucin ya taɓo ita ma tana da nata tarihin, ba zan tsawaita ba. A 2000 Tomasz Dietl da abokansa suka yi hasashe da lissafi cewa ZnO da GaN (galiyam da naitirojin) masu manganis za su iya zama maganaɗisu a zafin ɗaki in an cika wasu sharuɗɗa, a 2001 masu bincike a Japan suka ba da rahoton ganin haka a TiO2 (taitaniyam da oksijin) mai kobal, daga nan rahotanni suka ɓarke kaman ruwan sama. Da aka dawo aka yi samfura masu tsabta sosai aka bincika su da kyau, da yawa ba su nuna komai ba, a wasu kuma aka tarar kobal ɗin ne ya dunƙule wuri guda ya zama 'yan ƙananan ƙarafa, wato maganaɗisun na kobal ne ba na samikondokta ba. A 2005 ma masu bincike na IBM sun nuna cewa ɗaukar samfur da matsefatar ƙarfe kaɗai ya isa ya bar masa alamar maganaɗisu a na'ura mai kaifin ji. Wanda kowa ya yarda da shi, GaAs (galiyam da asenik) mai manganis, har yanzu bai wuce wajen digiri 73 ƙasa da sifili ba kafin maganaɗisunsa ya ɓace.

Kar a fahimce ni baibai, nano yana da abin da babba ba zai taɓa yi ba. Kana iya yinsa a kwalba ba tanderu, ka narka shi a ruwa ka shafa ko ka buga shi kaman tawada, faɗin fatar nan da ke ba mu wahala wajen sirki ita ce riba in aikin na wanke gurɓataccen ruwa da hasken rana ne tunda a fata ake aikin. ZnS da ZnSe masu manganis suna ba da haske ba tare da kadmiyam mai guba ba, kuma tunda hasken da suke fitarwa ya yi nisa da wanda suke sha, ba sa shanye hasken junansu. Amma in lantarki kake so ya gudu ba tuntuɓe, ko kana son leza, ko abin da zai yi shekaru bai canza hali ba, babban kiristal ne gaba, don a garin nano kowace iyaka tsakanin ƙwaya da ƙwaya shinge ne. Kowanne da inda ya fi.

Roƙona ga ɗalibai da malamansu masu karanta wannan shafi, in za ku kwatanta, ku yi babban da hannunku daga kayan da kuka yi ƙaramin da su, kar ku ɗauko lamba daga littafi ku ajiye kusa da taku, na'urarku da tasu ba ɗaya ba ce. In babu halin renon kiristal na makonni, gasa garin a wajen digiri 900 cikin iskar naitirojin ko agon yana ba da ƙwayoyi masu girman maikiron, wato nanomita dubu, waɗanda halinsu na babba ne. Amma don Allah ba a buɗaɗɗiyar iska ba, ZnS in ya wuce digiri 500 a iska juyewa yake ya zama ZnO, na ga wanda ya yi hakan ya kwatanta abu biyu mabambanta bai sani ba. A kula kuma da tsari, babban ZnS sai ya kai digiri 1020 yake komawa mai kusurwa shida, amma na nano yana iya juyawa tun wajen 400, to a duba a tabbata tsarin biyun ɗaya ne kafin a ce bambancin daga girma yake. Kullum a yi kwalba ɗaya mara sirki. Kuma sodiyam salfaid in ya haɗu da asid yana fitar da iskar H2S mai warin ruɓa wadda ke kisa, in ta yi yawa ma hanci daina jinta yake, a yi aikin a ƙarƙashin injin zuƙe hayaƙi, wannan ba abin wasa ba ne.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka miƙa wa marubucin wannan wasiƙa, ba da nufin faɗa ba, rubutunsa ya sa ɗalibaina biyu sun zo suna tambayata kan fannin kuma na ji daɗin hakan. In zai yi kashi na biyu, ina so ya koma wa masu binciken da ya samo labarin daga wurinsu ya tambaye su abu uku, nawa ne ƙarfen da suka auna a cikin garin bayan wanki, da wace shaida suka san yana ciki ba a fata ba, sannan babban kiristal ɗin da suka ce an fi shi, su suka yi shi suka auna ko a takarda suka gani. In ya samo amsa ku buga mana, ni kuma in kun ba ni fili zan aiko da hoton kwalabe uku a ƙarƙashin fitilar UV, mara sirki da mai sirki da gasasshen, masu karatu su ga shuɗin da ruwan lemon da idonsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyyar sinadarai, mai karanta ku kullum.